Rawar Dizal ta Baban Peace

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe shida na safe

Littafin nan na mijina ne, Nicholas. A cikinsa yake rubuta awon soda da na metanol, wani ruwa mai saurin kama wuta, da sunayen matan da yake karɓar tsohon man suya a hannunsu. Na juya shi ta baya na fara nawa rubutun, don bakina ya cika kuma ban ga wanda zan zazzage wa ba.

Yau kwanansa biyu a asibiti. Wuta ta ci masa ƙirji da wuya da fuska da hannuwa duka biyu. An naɗe shi kamar ƙullin alala, baki da hanci kawai aka bari a waje. Ni kuwa ko gashin hannuna bai babbake ba.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Maman Peace, yaya abin ya faru?" Ni kuma in ce ina tsakar gida ina gyaran kifi, shi yana cikin baca, rumfar kwanon da yake aiki a ciki, yana haɗin mai, wuta ta tashi, na sheƙa masa ruwa. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ya shiga tsakanin tashin wutar da sheƙa ruwan, shi ne ba na faɗa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ke cina shi ne ban san ko ya ji ba, kuma ban san ko zai tashi ya tambaye ni ba.

Talata, 10 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Ya yi magana. Ni da 'yarmu Peace muna zaune a gefen gadon, jiya ta iso daga Abuja inda take aiki a kantin magani. Na kasa kunne in ji ko zai kira Yesu ko zai kira 'yarsa. Abin da ya fito ta cikin bandejin shi ne, "Celi, shuɗin duron nan ya kama?"

Na ce bai kama ba. Wuta ta cinye benci da jarkoki biyu da rabin rufi kafin maƙwabta su kashe ta da yashi, amma shuɗin duro yana can lungu, ko ɗumi bai ji ba.

"To ki zare baƙin. Tun Juma'a yake kwance."

Na ce masa in ya ƙara yi mini zancen duro zan je in tuntsurar da shi a kwata. Ya yi wani sauti, ina jin dariya ce, sai zafi ya tsinke ta. Haka yake tun ranar da na san shi. Ko gida na rushewa sai ya tono abin wasa a ciki.

Bari in rubuta yadda aka yi muka faɗa wannan sana'a, ko zuciyata ta sami abin taunawa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a sashen rini na masaƙa a Kakuri. Da aka rufe masaƙar ya yi acaɓa, ya yi gadi, ya yi kiwon kaji har kajin suka gaji suka mutu suka bar shi. Ni ce da teburin soya kifi a bakin kasuwar unguwar Television. Wata rana ya same ni ina zubar da baƙin man da ya gama aiki, ya riƙe hannuna ya ce, "Celi, dizal kike zubarwa a kwata." Na ce, "Kai kuma a wace kwatar ka zubar da hankalinka?" Sai da ya ɓata mini tukwane biyu, ya yi wata uku yana fitar da wani abu mai kama da kunun sabulu, sannan abin ya karɓe shi.

Aikin ba wuya a baki. A tace man da ƙyalle, a dafa shi ruwan ciki ya fita, a narka soda irin ta masu sabulu a cikin metanol, a zuba, a yi ta juyawa, a bar shi ya kwana. In an dace, da safe ya rabu biyu, baƙi mai kauri a ƙasa, mai kalar zuma a sama. Na saman nan ake wankewa a zuba wa inji. Shekara huɗu ke nan muna cin tuwo daga abin da mutane ke zubarwa.

In ya rabu kuwa, akwai abin da Nicholas yake yi. Wannan ba yau ba.

Laraba, 11 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Ban shiga bacar ba.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Likita ya ja ni gefe, wani matashi mai sanyin magana. Ya ce, "Madam, kamar minti nawa wutar ta yi a jikinsa kafin a kashe?" Na ce ban sani ba. Ya ce ba komai, yana tambaya ne don a irin wannan ƙuna ɗan lokaci kaɗan yana da babban bambanci. Wadda aka kashe da wuri fata take ci ta tsaya, wadda ta jima takan shiga ciki. Ta Nicholas ta shiga ciki. Ya ce yanzu abin da suke tsoro shi ne ciwon ya harbu.

Ban yi masa ƙarya ba, ba agogo nake kallo ba. Amma na san tsawonta. Ina da abin da na auna ta da shi, kuma tun ranar yake juyawa a kaina, ko ina cin abinci, ko ina addu'a.

Juma'a, 13 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Malam Isiyaku ya zo, daga masallaci ko gida bai biya ba. Tare suka yi aiki a masaƙa. Yanzu yana da injin niƙa a Nasarawa, kuma shi ne mutum na farko da ya yarda ya zuba man Nicholas a injinsa, lokacin da kowa ke cewa mijina ya taɓu. Har yau matan da ke kai niƙa suna tsokanarsa wai hayaƙin injinsa ƙamshin ƙosai yake yi, yana tayar musu da yunwa.

Ya zauna ya riƙe ƙafar abokinsa, don nan kaɗai ne wurin riƙewa. Ya ce, "Injiniya, tashi za ka yi fa. In ka kwanta, wa zai yi mana rawar dizal?"

Sai ya juya yana ba Peace labari, wai ita tana Abuja ba ta taɓa gani ba. Yadda babanta, in ya leƙa duro ya ga mai ya rabu, yakan daka tsalle a ƙofar baca yana dukan cinya da ƙirji, yana juyi kamar wanda cinnaka ya shiga wandonsa, yana ihu, "Celi! Celi!" Ni kuma in jefar da duk abin da ke hannuna in yi masa tafi da waƙa. Malam har ya miƙe yana gwadawa da babbar rigarsa. Peace ta yi dariya har da hawaye, masu jinya na gadon kusa ma suka taya ta.

Na ce zan je in ɗebo ruwan zafi. Na zaga bayan ɗakin na amayar da shayin da na sha da safe.

Asabar, 14 ga Satumba, ƙarfe sha biyu da rabi na rana

Mako ɗaya, daidai warhaka. Ranar ma irin ta ranar ce, fayau, ba ko gajimare, a tsakiyar damina.

Lahadi, 15 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Matan Zumunta na cocinmu sun zo asibiti bayan sujada. Nas ta ce a rage murya, sai suka yi waƙa ƙasa-ƙasa da ɗan tafi. Na ɗaga hannuwana in taya su, suka ƙi haɗuwa. Na cusa su ƙarƙashin zani.

Shugabarmu ta yi addu'a mai tsawo. A ciki ta gode wa Ubangiji da ya ba Nicholas mace mai zafin nama, wai da ba don saurin Celina ba da a wurin zai mutu. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, don ina zan sa kaina? Ban taɓa sanin yabo ya fi zagi ciwo ba sai yau. Da ma wata ta tashi ta mare ni.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Na dawo gida in yi wanka in ɗauki kaya, sai ga Dije mai ƙosai ta sauko daga keke da galan biyu na tsohon mai, tun daga Makera. Nicholas ne yake zagayawa da babur duk Litinin yana karɓa. Ta ce ta ga Litinin biyu shiru, ta ji labari, ta ce ba za ta zubar da man Injiniya ba ko da zai yi shekara a kwance. A littafin nan ya rubuta a gaban sunanta: "Tana ƙona mai, a ƙara soda." Ban karanta mata ba.

Ta tsaya nesa da bacar tana leƙe. Ta ce, "Maman Peace, wai da gaske ne wutar abin nan ba a ganinta?"

Na ce da gaske ne. In da rana ce tsaka, metanol yana ci ba harshe ba hayaƙi, sai ya kama tufa ko katako sannan ya nuna kansa.

"La'ilaha illallahu! To ta yaya mutum zai gane?"

Na ce, "Sai dai ki ga mutum yana tsalle yana dukan jikinsa." Ta kama haɓa ta ce Allah ya kiyaye, ta ajiye galan ɗin a gindin mangwaro ta ƙi matsawa ko taku ɗaya.

Ta ina na sani? Shi ya nuna mini. Shekarar da ya fara, ya zuba cokali ɗaya a murfin gwangwani ya ƙyasta ashana a cikin rana. Na ce ai ta mutu. Ya miƙa tsinken tsintsiya a kai, ya babbake nan take. Ya ce, "Celi, ki riƙe wannan." Na ce na riƙe. Na riƙe ɗin kuwa, ga shi har ina koya wa Dije.

Laraba, 18 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Kullum sai Nicholas ya tambayi duron. Jiya ya ce, "Celi, in baƙin nan ya daɗe daskarewa zai yi ya toshe famfo, ki ji tausayin duron." Mutum fatarsa na zuba amma duro yake nema wa tausayi. Na kira Malam Isiyaku na ce ya zo ya tsaya mini.

Na shiga. Ƙaurin yana nan. Silifas ɗin Nicholas ɗaya ya narke ya manne da siminti, na sa ƙafa in ture, ya ƙi. Gaban bacar a buɗe yake, shi da kansa ya cire kwanon don iska, shi ya sa daga inda nake gyaran kifi nake hango shi. Amma ciki a cunkushe yake da durarruka. Na ƙirga daga wurin silifas ɗin zuwa waje, taku bakwai ne, kuma sai ka karkata ta bayan wani baƙin duro.

Famfon ƙasa ya yi tauri, sai da Malam ya zura waya. Baƙin ya fara fitowa a hankali kamar maɗi. Muka cika bokiti ɗaya da rabi, sai kalar ta juye ta koma zuma, na rufe da sauri yadda na sha ganin yana yi. Malam ya tara a tafin hannu ya ɗaga ya ce, "Wallahi ya rabu da kyau. Da yana nan da mun sha kallo."

Na ce, "Malam, riƙe mini bokitin nan." Na fita na tsaya a rana.

Juma'a, 20 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Zazzaɓi ya shigo. Sun canja masa allura. In za a wanke ciwon sai a fitar da mu, amma ana jin sa har bakin baranda. Peace takan toshe kunne. Ni ba na toshewa, na ga ban cancanta ba.

Da ya lafa na gaya masa na zare baƙin. Kamar na ba shi magani. Ya ce saura wanki, ya shiga koya mini, kalma ɗaya numfashi ɗaya. Ruwan ɗumi, a yayyafa ta sama da gwangwani mai huji. "A hankali, kamar wankan jariri. In kika girgiza, sabulu za ki samu." A bari ruwan ya sauka ƙasa, a zare. A yi ta yi har ruwan ya fito garau.

Na yi na farko da na dawo. Ruwan ya fito fari kamar nono.

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Anti Deborah, yayarsa, ta zo daga Gonin Gora. Ta ga ƙaninta, ta fito ta same ni a baranda, idonta jajir.

"Celina, ke da kika yi shekara ashirin a gaban kasko, ba ki san wuta ba? Tsakar gidan nan taku nawa ne? Me kike yi har ya ƙone haka?"

Bakina bai taɓa mutuwa a gaban Anti Deborah ba. Shekara ashirin da shida muna gwabzawa, tun daga kan gishirin miya har sunan Peace. Yau na tsaya kamar gunki. Peace ce ta shiga tsakani. Ta ce, "Anti, abeg, ba yanzu ba. Mummy ce ta cece shi, kowa ya sani."

Kowa ya sani. Anti Deborah kaɗai ce ta yi tambayar gaskiya a duk garin nan, kuma ita aka ba rashin gaskiya. Ta fashe da kuka ta ce in yafe mata, zafin zuciya ne. Na ce na yafe.

Litinin, 23 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi niyya yau. Na aiki Peace sayen ƙanƙara don ta ba mu wuri. Na matso da kujera, na ce, "Baban Peace." Ya ce, "Na'am, Manaja." Haka yake kirana in yana son ya ja ni faɗa. Na buɗe baki in gaya masa. Na ce, "Za ka sha kunu?"

Ya sha cokali uku.

Talata, 24 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Wanki na biyu. Ruwan ya fito kamar na wankin shinkafa. Jiya da yamma Nicholas ya kira ni da sunan mamarsa.

Laraba, 25 ga Satumba, ƙarfe ɗaya na rana

Likitan nan mai sanyin magana ya ce in akwai 'yan uwa na nesa a sanar da su. Ya faɗa yana kallon takalminsa.

To bari in rubuta. In na iya gaya wa takarda, wataƙila in iya gaya masa.

Ranar Asabar da safe ya ce mini, "Manaja, ki shirya hannuwanki. In na gama sabon haɗi zan leƙa shuɗin duro, jikina ya ba ni ya rabu." Na zauna a gindin mangwaro da daron kifi ina kankare ɓawo, kunnena yana wajen baca. Ban san me ya tayar da wutar ba. Ko garwashin da ya dafa mai da shi ne bai mutu duka ba, ko wani abu ne, har gobe ba wanda ya sani.

Na ji, "Celi! Celi!" Na ɗaga kai. Ga shi can ciki yana tsalle, yana dukan cinya, yana dukan ƙirji, yana juyi. Ba harshen wuta, ba hayaƙi. Rana fayau.

Na jefar da wuƙa. Na yi dariya. Na yi tafi. Na rera masa waƙar da nake rera masa:

Ya rabu, ya rabu, na Celi ya iya,
Baƙi ya kwanta, zuma ta hau.

Na kai ƙarshe na sake ɗaukowa daga farko. Har na ce a raina yau rawar ta fi ta kullum, tsohon nan ya ƙaro salo. Na ga ya yi karo da duro, dariyata ta ƙaru. Sau biyu cur na rera ta. Sai da ya fito fili, rigarsa ta kama, wutar ta yi ja, sannan na ga abin da nake yi wa tafi. Na ɗauki daron kifin da ruwansa na juye masa.

Sabo turken wawa. Shekara huɗu yana kirana da murya ɗaya, ranar da ya kira ni da wata ban ji bambanci ba. Ga abin da likita ya tambaya: tsawon waƙa sau biyu. Mijina yana ci da wuta ina yi masa waƙa. Zuciyata ta karye, kuma ni na karya ta.

Alhamis, 26 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Da hantsi zazzaɓin ya sauka, hankalinsa ya dawo sarai. Peace ta je tashar mota tarbar baffanta. Na riƙe ƙafarsa yadda Malam yake yi.

Na ce, "Baban Peace, kana jina?"

"Ina ji, Manaja."

"Ranar nan, da ka kira ni, ban taso ba. Na zaci rawa kake yi. Na yi dariya. Na yi maka tafi. Na rera waƙar har sau biyu."

Can ya ce, "Na sani."

"Ka ji?"

"Yaya ba zan ji ba? Dariyarki har Gonin Gora ake jinta."

Nan kukan da na riƙe kwana goma sha tara ya ɓalle. Na kifa kaina a kan ƙarfen gadon ina cewa ya yafe mini, da na taso da wuri da yanzu yana gida. Ya motsa yatsun ƙafarsa a cikin hannuna har na yi shiru.

"Celi, saurara, numfashina kaɗan ne. Da abin ya tashi, idona ya rufe. Na nemi hanya, na ci karo da duro. Na juya, na ci karo da benci. Na rasa gabas na rasa yamma. Sai na ji ki. Na ce to, inda Celi take dariya, nan ne waje. Ita na bi na fito." Ya huta. "In da kin rugo ciki, da mu biyu ne a kwance. Wa zai zare mini baƙi?"

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko ɗinka mini ya yi don in sami barci. Ya iya duka biyun. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa ba fuskar da zan tambaya, sai bandeji. Na karɓa dai, don shi ya ba ni.

Ya tambayi wanki na nawa nake. Na ce na biyu. Ya ce, "Duron nan bai sami rawarsa ba. In ya wanku, ki yi masa."

Na ce, "Ni? Da wannan ƙugun nawa?"

"Ki yi. Ni zan yi tafin."

Asabar, 28 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Nas ta naɗe robar ƙarin ruwan, ta ja labule. Peace ce ta yi ihun. Ni na tattara filas da kofuna da cokalinsa.

Juma'a, 4 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo daga Zonkwa, garinsu. Jiya aka sa shi kusa da babansa, ƙarƙashin ɗorawa. Malam Isiyaku ya rufe injinsa ya bi mu har can, ya tsaya a bakin kabari har aka gama. Anti Deborah ce ta riƙe ni a hanya. Gidan ya cika da mutane amma ba kowa a ciki.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Peace ta koma bakin aiki jiya, da ƙyar na kore ta. Wanki na uku da na huɗu. Na huɗun ya fito garau, kamar a sha. Na buɗe murfin duron, na ja shi inda rana ke shigowa ta rufin da ya ƙone, don sauran ruwan ya fita.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Yana da gwajinsa na ƙarshe: ya ɗebi man a kwalba, ya kara ta a kan rubutu. In ya karantu, man ya yi. Da rana ta take na ɗeba, na buɗe littafin nan ta gabansa, na kara. Ga rubutunsa ta cikin zumar, tsaf, har ɗigon da ke kan baƙi. "Tana ƙona mai, a ƙara soda."

Na ajiye kwalbar. Na duba tsakar gida, ba kowa sai kaji. Na ɗaura zani da kyau, na tsaya a ƙofar baca inda yake tsayawa. Na daka tsalle, gwiwata ta yi ƙara. Na doki cinya, na doki ƙirji, na juya. Shekara ashirin da shida ban kira shi da sunansa a gabansa ba, yau na kira har maƙwabta na ji. "Nicholas! Nicholas!"

Ban ji sallama ba. Ƙarar faɗuwar galan kawai na ji, sai ruwa ya sauka a kaina, bokiti guda, mai sanyi. Dije ce. Ta cire mayafinta tana bubbuga ni da shi ko'ina, tana salati, tana cewa, "Ina take? Ina take ci? Maman Peace, ina wutar?" Ba ta tsaya tambaya ba, ba ta tsaya kallo ba. Ko rabin baiti ba za a rera ba tsakanin ganinta da ruwan.

Na zame na zauna a cikin taɓo, jiƙe jagab. Na ɗaga kai in ce mata rawa nake yi, sai dariya ta kufce mini, irin waccan, wadda ake ji har Gonin Gora. Dije ta durƙusa ta rungume ni tana kuka, ta zaci na zauce. Ban tsayar da ita ba. Na juya fuskata wajen bacar na ƙara sakinta da ƙarfi, na yi ta yi ina kallon ƙofar, har muryata ta dushe.

Ba wanda ya fito.